Ranar da Wata Ya Tare Rana

Ran Laraba 29 ga Maris, 2006, da hantsi, muka ga rana ta dushe a Kaduna, daga Kawo har Unguwar Rimi. A Gusau kuwa duhu ya rufe sarai na 'yan mintoci. Wasunmu suka tsorata, alhali masana sun sanar da ranar wannan husufi tun tuni.

Ta yaya suka sani? Ƙarfin da ke jawo mangwaro ƙasa daga reshe, shi ne ke riƙe da wata yana kewaya duniya. Isaac Newton na Ingila ya bayyana lissafinsa a 1687. Tafiyar wata ba ta saɓa ƙa'ida, saboda haka ana iya ƙirga lokacin da zai gitta tsakaninmu da rana.

'Yan'uwa, haɗarin yana wajen ƙura wa rana ido lokacin husufi, gama takan lalata gani. Mu hana yaranmu.