Tanko da yayyensa: yadda muke renon ɗa namiji da ɗiya mace

Sunana na yanka daban ne, amma duk Sakajiki da Tanko aka san ni, domin bayan mata huɗu na zo duniya. Bahaushe ba ya raɗa irin wannan laƙabi a banza. Namijin da ya biyo mata shi ne Tanko, macen da ta biyo maza ita ce Kande ko Delu. Tun daga suna an shaida wa jama'a wanda aka daɗe ana jira a gidan.

Inna ta ba ni labarin ranar da ta haifi yayata ta huɗu. Kakarmu ta wajen uba ta ɗaga labule ta tambayi ungozoma, "Mi aka samu?" Aka ce mata, "Macce ta." Ta ce, "To, Allah shi raya," ta saki labulen, ko jaririyar ba ta karɓa ba. Inna ta ce zafin ruwan wankan jego bai kai mata zafin wannan sakin labule ba, don ta san maganar da za ta biyo baya: a yi wa Baba ƙarin aure ko a samu magaji. Ranar da aka haife ni kuwa, da guɗa maƙwabta suka ji labari.

Addinin da muke fakewa da shi bai koya mana haka ba. Aya ta 58 da ta 59 a Suratun Nahli sun zargi mutumin da yake ɓata fuska idan aka yi masa albishir da ɗiya mace. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ragon suna ɗaya ne, ko namiji aka samu ko mace. Gaskiya ne aya ta 11 a Suratun Nisa'i ta ba namiji ninkin rabon mace a gado, amma shi aka ɗora wa sadaki da ciyarwa da tufatarwa. A ƙauyukanmu ma sau da yawa ko rabin nan ba ya isa hannunta idan gona ce. Sai a ce 'yan'uwanta su riƙa noma mata, shi ke nan magana ta mutu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci a littafinsa Nurul Albabi, 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kuma kafa 'Yan Taru don ilimi ya iske matan karkara har cikin gidajensu.

Mu dawo tsakar gidanmu. Yayata ta biyu tana shekara takwas aka ɗaura mata ni a baya, zani har yana jan ƙasa. Da ni a goye take surfe, da ni take zuwa rijiya. Da ta tasa sai tallan ƙuliƙuli da man gyaɗa, Inna tana zuba ribar a adashe don kayan ɗaki, kuma daga cikin kuɗin nan ake ciro na littattafaina. Kullum abin da take ji shi ne, "Ki iya, gidan wani za ki." Ni kuwa ko kwanon da na ci tuwo ba a bari in wanke ba. Na kai har Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, wadda aka kafa a 1983. A cikin yayyena huɗun babu wadda ta wuce firamare, alhali ita ta biyun ta fi ni kaifin lissafi nesa ba kusa ba.

Sai da na girma na gane cewa gatan namijin ma a ranar suna yake tsayawa. Da zarar an yi wa yaro shayi ya warke, ya bar ɗakin uwa ya koma zaure ko shagon samari. Idan magariba ta yi yarinya ba ta shigo ba, gida ya tashi tsaye. Yaro kuwa sai ya kwana biyu ba wanda ya tambayi inda ya sa haƙarƙarinsa. "Namiji na, ƙyale shi." Ba a yarda ya yi kuka ba, tsakaninsa da ubansa kuma sai umarnin gona da kiwo. Wani tun yana shekara bakwai ake miƙa masa allo da ƙoƙo a sa shi mota. Mace muna matsa mata har ta rasa numfashi, namiji muna sakinsa har ya rasa mai kwaɓarsa, dukansu biyu kuma a wajena an tauye musu haƙƙi.

Rashin tsaro ya ƙara tona wannan. Bayan sace 'yan mata 279 a makarantar Jangebe ranar 26 ga Fabrairu, 2021, na san iyaye a nan da wajen Zurmi da suka cire 'ya'yansu mata daga makarantar kwana suka aurar da su, kuma ba zan ga laifin tsoronsu ba. Amma ɗa namijin da ake turawa gonar bakin daji, ko ya bi hanyar Shinkafi ranar Alhamis don cin kasuwa, shi ma ɗan mutum ne, kuma shi ake fara harbi.

Da hare-hare suka tsananta, ina ci-rani a Kudu. Gidan wannan yayata da ta goya ni, a Ƙaura, nan Baba da Inna suka sauka. Dattijon da ko ruwa ba ya sha a gaban surukinsa ya yi wata biyar a zauren surukin, 'yarsa tana sayar da fura tana sayo masa magani.

Ina roƙon iyaye maza na Sakajiki da kewaye: ku bar yarinya ta gama karatunta, ku kuma riƙa tashi da dare kuna leƙa inda yaronku yake kwana.