Idon ƙaguwa ba ya kallo a banza

Mazauna Galtimari a Maiduguri ba sa buƙatar a ba su labarin kogin Ngadda, musamman tun ambaliyar watan Satumban 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle. A gaɓar koguna irin wannan ne ƙaguwa ke haƙa raminta, kuma duk wanda ya yi ƙoƙarin cafke ta ya san kafin hannu ya kai, ta shige.

Idanunta biyu a kan wasu 'yan sanduna masu motsi suke, kowane ido kuma tarin ƙananan idanu ne. Da zarar abu ya doso, sai ta kwantar da sandar cikin kwarmin ɓawonta.

A 1964 Adrian Horridge da David Sandeman suka wallafa bincikensu a kan ƙaguwar gaɓar tekun Turai. Sun ɗaure ta a tsakiyar ganga mai ratsin baƙi da fari, suna juya gangar. Idon yakan bi ratsin a hankali, idan ya kai maƙura ya fizgo baya da sauri, ya sake bi. Ko an rufe ido ɗaya, wanda ke gani yana jan makahon su tafi tare, alamar daga ƙwaƙwalwa umarnin ke fitowa. Daga baya Horridge ya nuna cewa idon na iya bin motsi mai jinkirin tafiyar rana a sama, wato digiri 15 a awa guda. Amfanin wannan duka shi ne hoton duniya ya tsaya cak a cikin ido yayin da jiki ke juyawa, don shaho mai tahowa ya fita daban.

Mu ma haka idonmu yake. Ma'aikacin da ya shiga jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa ya lura da idon mai kallon taga: zai ga yana bin bishiyoyi, yana fizgowa baya. Likitoci na amfani da ganga mai ratsi irin ta ƙaguwar wajen duba ko jariri, wanda ba shi da bakin faɗa, yana gani. Masu raba kuɗin bincike a Abuja, waɗanda kan ɗauki nazarin ƙananan halittu a matsayin ɓata lokaci, ya kamata su san da wannan kafin su soke takardar wani malamin Jami'ar Maiduguri.