Kada Ku Yar da Tsohuwar Randa

'Yan'uwa manoma, in mutum ya zaga bayan kowane gida a ƙasar Garki, daga nan har Ringim da Ɓaɓura, kusan abu ɗaya zai tarar a kan juji: randa mai tsaguwa, jarkar mangyaɗa, tsohuwar tayar babur, da ledar ruwa rututu kamar an shuka ta. A gidan nan kuwa za a iske tumatir yana ruɓewa a kwando, ƙwari suna cin wake a buhu, maigida yana kukan ba kuɗin sayen kayan ajiya. A wannan fitowa muna so mu haɗa waɗannan abu biyu, gama rabin kayan da muke bukata suna kan jujin nan.

Bari mu fara da randa, domin labarinta na gida ne. Marigayi Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa a Dutse, ya tashi a gidan maginan tukwane. Ya san abin da kowace uwargida ta sani, watau ruwan randa ya fi ruwan bokiti sanyi. Dalili kuwa shi ne jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwa yana tsattsafowa ta nan, iska ta busar da shi, sa'ad da yake bushewa sai ya tafi da zafin da ke ciki, kamar dai yadda gumi yake sanyaya jikin mai noma. A shekarun 1990 Malam ya ɗauki wannan sani ya sa tukunya cikin tukunya, ya zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu. Da kuɗin aljihunsa ya sa aka gina 5,000 na farko, ya raba a ƙauyukan Jigawa. A gwajin da ya yi, yalo da ke lalacewa cikin kwana 3 ya kai kwana 27, alayyafo da ba ya kwana ya kai kwana 12, tumatir da tattasai suka yi mako uku. A shekara ta 2000 aka ba shi lambar yabo ta Rolex saboda wannan aiki, daga baya dabarar ta kai har Sudan da wasu ƙasashe. Abin mamaki, har yanzu akwai gidaje da yawa a jihar da aka haifi abin da ba su taɓa gwadawa ba.

Ga yadda iyali za su yi nasu. Tsohuwar randar nan da ta daina riƙe ruwa ita ce za ta zama ta waje. A liƙe tsaguwar da ɗan siminti ko yumɓu, ba sai ta koma sabuwa ba, iyaka ta riƙe yashi. Ta ciki kuwa lalle ta zama lafiyayya, domin in ruwa yana shiga cikinta kayan miya za su ruɓe maimakon su daɗe. A zuba yashi kamar inci biyu a gindin babbar, a ɗora ƙaramar har bakinsu ya zo daidai, sa'an nan a cika kewayen da yashi. Wannan aikin yara ne, suna kuma jin daɗinsa. Yashin rafi mai tsabta ake so. Turɓaya takan cushe ƙofofin randar. A zuba ruwa a kan yashin a hankali har ya ƙoshi, a rufe baki da jiƙaƙƙen tsumma ko guntun buhun algarara, a bar ta ta yini kafin a sa kome ciki.

Inda mutane suka fi yin kuskure shi ne wurin ajiya. Sukan kai ta ƙuryar ɗaki don kada awaki su taɓa, alhali iska ce take yin aikin. A sa ta a inuwa inda iska ke wucewa, ƙarƙashin rumfa ko gindin darbejiya, a ɗora ta kan duwatsu uku don iska ta bi ta ƙasa. A ba yashin ruwa safe da yamma. A danƙa wa yaro ɗaya wannan aiki, gama in na kowa ne ba mai yi. Kuma mu faɗi gaskiya, randar nan ta rani da bazara ce. A watan Agusta, sa'ad da iska ke da laima, sanyinta kaɗan ne. Ba ta kuma zama firji ba: kada a sa nama ko kifi ɗanye a dogara gare ta, albasa ma ba ta son damshi. Amma ga mai lambu ko mai sarin kayan gwari, kwana goma da tumatir zai ƙara shi ne bambancin sayarwa da daraja da kuma sayarwa da yamma a kan duk abin da ɗan sari ya taya. Malam Bah Abba yakan ambaci wata riba kuma: in kayan miya ba za su lalace yau ba, ba dole a tura yarinya talla da safe a hana ta makaranta. Muna roƙon shugabannin zumuntar mata su yi tunani a kan wannan.

Sai jarka. Ƙwaron wake tun daga gona yake shigowa, ƙwansa na jikin ƙwayar, shi ya sa buhun da aka ɗinke lafiya a Nuwamba yakan koma gari da ramuka kafin Maris. Ƙwaron nan yana numfashi kamar kowace halitta, in aka hana shi iska sai ya mutu. A kan wannan ne masana na Jami'ar Purdue ta Amurka suka yi buhun nan mai riɓi uku da aka fara yaɗawa a ƙasashenmu daga 2007. Wanda ya sami buhun, madalla. Wanda bai samu ba, jarkar mangyaɗa ko ta manja mai lita 25 za ta yi masa aiki, muddin ba ta da huda. A wanke ta da sabulu da toka, a kife ta a rana har ta bushe sarai. Waken ma a shanya shi ya bushe ƙarau, har in an ciza ya ce ƙas. A ɗura ana girgizawa har ya cika maƙil, domin duk wurin da aka bari iska ce ga ƙwaro. A shimfiɗa leda ko guntun tsohon tub a baki kafin a murɗa murfi, a ajiye a inuwa, kada a buɗe kafin wata biyu. Uwargida ta ware na ci a wani kwano dabam tun farko, gama buɗewa kullum don ɗiban tiya ɗaya ita ke ɓata aikin.

Mun daɗe a kan wake domin mun san abin da wasu ke yi a madadin haka: yayyafa fiya-fiya a buhu. Dafin nan cikin 'ya'yanmu yake shiga. Saboda shi ne ma Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015.

Ledar ruwa kuwa, wadda shanu da awaki ke haɗiya har su rame su mutu, tukunyar rainon itace ce kyauta. A yanke baki, a huda gindi wuri huɗu ko biyar, a cika da ƙasa da yashi da ruɓaɓɓen taki. Zogale da darbejiya suna tsirowa ba wuya. Irin gawo sai an jiƙa shi a ruwan zafi ya kwana, ko a kankare jikinsa kaɗan. In aka shuka a Afrilu, dashe zai isa a Yuli sa'ad da damina ta zauna. A yage ledar a lokacin dashe, kada a binne ta tare. Idan kowane gida cikin ƙungiya ya raini 20, jigayin nan da iska ke kwashewa zai sami abin da zai riƙe shi. A rani na fari a huda murfin gorar roba da allura, a cika ta da ruwa, a kafa ta kife a gindin dashen.

Tsohuwar taya in aka tsaga ta biyu ta zama kaskon ruwan kaji, tub kuwa guga da robar ɗauri. Sai dai a riƙa zubar da ruwan kullum, wadda ba a amfani da ita a huda ta ko a kife, domin sauron da ke kawo ciwon shawara a irin wannan ruwa yake haihuwa. Dattawan Garki ba sai an koya musu zancen sauro ba, sun ga ma'aikatan Hukumar Lafiya ta Duniya da suka yi aikin zazzaɓin cizon sauro a ƙauyukanmu daga 1969 zuwa 1976.

Akwai abin da ba a sake amfani da shi ko kaɗan: gorar maganin feshi, ta ciyawa ko ta ƙwari, da jarkar da aka taɓa dama maganin a ciki. Roba tana shan dafin, wanki ba ya fitar da shi duka, ko da an daina jin wari. Mun sha ganin irin wannan gora a rataye a jikin garmar shanu da ruwan sha ko fura a ciki. A ɗauraye ta sau uku, a juye ruwan ɗaurayar cikin injin feshi, a huda ta da ƙusa don kada yaro ya tsinta, a binne ta nesa da rijiya. Jarkar da ba ku san abin da ta ɗauka a dā ba, ko ta kasuwar Gujungu ce ko ta maƙwabci, a bar ta wa kananzir.