Kafin Ka Biya Kuɗin Kibod Marar Waya, Kasa Masa Kunne

Da rana babu wanda ya san kibod yana da murya. Janareton maƙwabta na ruri, masu Adaidaita na ta oda a bakin titi, yara na ihu a tsakar gida. Sai dare ya raba, an ɗauke wuta, fanka ta tsaya cak, sannan asirinsa ke tonuwa. Ni ma haka aka tona nawa. Ina tsakiyar buga wani aiki da na yi alkawarin miƙawa da safe, sai uwargida ta ɗaga labule ta ce, "Baban Ummi, don Allah wannan ƙwas-ƙwas ɗin fa? Sau biyu ke nan yarinyar nan tana farkawa." Na ɗage hannu na saurara, na sake danna harafi guda. Wallahi kamar kaji ne ke tsattsagar gero a kan faranti.

Daga wannan daren na shiga neman kibod marar waya, marar hayaniya, wanda kuma kuɗinsa ba zai taɓa cefane ba. Abin da na fahimta a wannan nema shi ne, yawancinmu da ido muke sayen kibod. Mu duba launi, mu duba hoton da ke jikin kwali, mu taya, mu biya. Alhali kayan nan kunne da yatsa ne ya kamata su yi cinikinsa.

Ƙarar kibod daga ƙarƙashin maɓalli take fitowa, don haka sai an leƙa can. Wanda ya fi yawa a kasuwa, kuma ya fi araha, shi ne mai shimfiɗar roba. A ƙarƙashin kowane harafi akwai ɗan tudun roba kamar ƙaramin ƙoƙo a kife. Ka danna ya lotsa ya taɓa layin lantarki, ka saki ya miƙe ya turo maɓallin sama. Robar kanta ba ta da ƙara. Abin da ke ƙara shi ne maɓallin da ke rawa a cikin raminsa, musamman idan an yi shi da sakakkiyar roba mai arha. Sai kuma irin wanda ke jikin laftof, wanda aka ɗora kowane maɓalli a kan wasu siraran robobi biyu da suka gitta juna kamar almakashi. Su ne ke riƙe maɓallin kada ya karkace, tafiyarsa kuma gajera ce, milimita ɗaya zuwa biyu, shi ya sa sautinsa bai wuce ɗan tas-tas ba. Ga mai aikin yau da kullum, wasiƙa ce ko aikin makaranta ko lissafin shago, a wajen waɗannan biyun nake ba da shawara a tsaya, kuma idan aljihu ya yarda mai almakashin ya fi.

Akwai na uku, wanda samari masu wasannin kwamfuta suka ɗaukaka, mai fitilu kala-kala kamar motar amarya. A cikinsa kowane maɓalli da nasa makunnin da nasa sifirin. Kamfanin Cherry na Jamus ne ya yi suna da irin waɗannan makunnai tun shekarun 1980, kuma da launi ake bambanta su. Shuɗin da gangan aka yi shi ya riƙa ƙas-ƙas, don akwai masu jin daɗin hakan, kamar yadda har gobe akwai masu farautar tsohon kibod ɗin IBM Model M na 1985 saboda amonsa. Jan ba ya wannan ƙas ɗin, amma yana buga ƙasa da ƙarfi. Akwai waɗanda aka sa wa 'yar roba a ciki don ta shanye bugun, sai dai kuɗinsu ya wuce abin da za a kira araha. Irin wannan kibod yana da ƙarko, ban musa ba. Amma wanda ke kwana ɗaki ɗaya da jariri, ko yake zaune a ofis ɗin da mutum shida ke raba teburi uku, ya bar wa masu shi kayansu.

Ranar da na je saye, na roƙi mai shago ya buɗe min kwali. Ya ɗan yi jim, ya ce, "Malam, sabo ne dal, ba sai an gwada ba." Na ce masa ai ba lafiyarsa nake tuhuma ba, muryarsa nake son ji. Ya yi dariya ya ciro. Na ɗora a kan kanta, na fara da dogon maɓallin nan na ƙasa mai raba kalmomi, domin shi ne ya fi kowanne tsegumi. A ƙarƙashinsa akwai siririn ƙarfe da ke daidaita shi, kuma a kibod mai arha wannan ƙarfen ne ke kacau-kacau. Na danna shi a tsakiya, na danna a gefen dama, na danna a hagu. Na koma kan Enter da Shift da maɓallin gogewa, su ma manya ne masu ƙarfe a ciki. Sannan na ɗaga kibod ɗin na girgiza shi kusa da kunne, na kama gefe da gefe na ɗan murɗa. Na farko ya amsa kamar gwangwanin da aka zuba wa tsakuwa, ya kuma lanƙwashe a hannuna. Na biyu ya fi nauyi, bai ce uffan ba. Shi na ɗauka, duk da ya ɗara na farkon kuɗi kaɗan. Jikin da ba komai a cikinsa ganga ne, duk abin da ka buga sai ya ƙara masa amo.

Rubutun da ke jikin kwali kuwa, a karanta shi da lura. Logitech, alal misali, yana da samfurin MK295 wanda ya ce ya rage ƙara da kashi 90 cikin ɗari, amma da wani samfurin nasa, MK270, ya auna shi. Wannan aƙalla ya faɗi abin da ya gwada da shi. Kwalaye da yawa kalmar shiru kawai suke mannawa da Turanci, babu awo babu shaida.

Batun rashin waya shi ne inda mutane suka fi yin asara, kuma hanyoyi biyu ne. Ta farko ita ce ɗan risiba, wani ɗan mitsitsin abu da bai fi farcen babban yatsa ba, wanda ake cusawa a kafar USB. Ka cusa, kibod ya kama aiki, babu saiti babu wahala, ko da tsohuwar kwamfutar tebur ce. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: a yawancin masu araha, kibod da risibarsa tun daga masana'anta aka ɗaura musu aure, idan ɗaya ya ɓata ɗayan ya zama gwauro. Na taɓa rasa wani haka. Na zare risibar don in sa filashi, na ajiye a kan tabarma, aka yi shara. Kibod lafiyayye garau ya koma abin wasan yara. Saboda haka ka buɗe murfin batir tun a shago ka tabbata risibar na nan, don a nan ake ɓoye ta, kuma nan ne ma'ajiyarta duk lokacin da ka zare. Masu sayen na hannu su fi kowa kiyayewa. Sau da yawa abin da ya sa aka sayar da shi da arha ke nan. Wasu kamfanoni sun sauƙaƙa. Risibar Logitech da ake kira Unifying tana ɗaukar na'urori har shida, kuma ana iya sayen wata a haɗa idan ta farko ta ɓata, amma ba duk kayan kamfanin ne ke aiki da ita ba, sai masu ɗauke da tambarinta.

Hanya ta biyu ita ce Bluetooth, fasahar da aka faro a kamfanin Ericsson na Suwidin a 1994, aka kuma laƙaba mata sunan wani sarkin Denmak na ƙarni na 10. Wannan ba ya cin kafar USB, babu risibar da za ta ɓata, kuma yana aiki da waya da tablet. Ɗalibin da ba shi da kwamfuta zai iya jingine wayarsa a jikin littafi ya buga aikinsa cikin natsuwa. Wasu, irin su K380, suna riƙe na'urori uku a lokaci guda, ka sauya daga wannan zuwa waccan da maɓalli ɗaya. Sai dai tsofaffin kwamfutocin tebur da suka cika ofisoshinmu da shagunan buga takardu galibi ba su da Bluetooth. Kuma idan ka bar shi ya jima ba a taɓa ba yakan yi barci don tattalin batir, harafin farko da ka danna sai ya ɗan yi jinkiri kafin ya farka. Masu gyara ma sun san cewa kafin Windows ya gama tashi, yawancin kwamfutoci ba sa jin kibod ɗin Bluetooth. Wanda kwamfuta ɗaya yake da ita a kan teburi ɗaya, risiba ta fi masa kwanciyar hankali. Mai yawo da laftof da waya, Bluetooth.

Dukansu biyun a zangon gigahaz 2.4 suke magana, tazararsu kuma wajen mita 10 ce idan babu bango. Idan ka ga haruffa na maƙalewa ko suna tsallake, kada ka yi saurin zagin kibod. Kafar USB 3.0, wadda sau da yawa cikinta shuɗi ne, tana fitar da hayaniyar da ke dagula wannan zangon, har kamfanin Intel ya fitar da bayani a kan haka a 2012. Mayar da risibar wata kafar, nesa da inda ka sa filashi, sau da yawa shi ke nan magani.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: abin da kake bugawa ta iska yake bi. A 2016 masu bincike na kamfanin tsaro na Bastille sun nuna cewa wasu kibod masu araha na kamfanoni takwas suna aika haruffa tsirara, ba tare da an kulle su ba, ta yadda mai ƙaramar na'ura a kusa zai iya karanta duk abin da ake bugawa. Mai rubuta wasiƙa a gida ba abin tashin hankali ba ne gare shi. Amma mai shagon hada-hadar kuɗi, ko wanda ke shigar da lambobin sirrin banki a cikin kasuwa, ya nemi wanda aka rubuta AES a kwalinsa, alamar yana kulle haruffan, ko mai Bluetooth, ya guji wanda ba a ma san wa ya ƙera shi ba.

A batun batir ina da ra'ayi, kuma na san wasu ba za su yarda ba. Na fi son mai cin ƙananan batura na AA ko AAA a kan mai caji. Kibod marar fitila kusan ba ya cin komai. Batura biyu masu kyau sukan kai shekara, wasu kamfanonin ma shekara biyu ko uku suke faɗa. Ranar da suka mutu, mai tireda na bakin layi yana da su. Mai caji kuwa, batirinsa a like yake a ciki, zafinmu kuma ba ya raga wa irin wannan batir, ranar da ya gaji sai dai a yi ta aiki da waya a jiki, an koma gidan jiya. Fitilar ƙarƙashin haruffa ita ce babbar mai shan batir. MX Keys mai tsada, kamfaninsa da kansa ya ce kwana 10 yake yi da fitila, wata 5 idan an kashe ta. Abu ɗaya dai, a sayi batir alkalin. Masu arhar nan na tocila sukan yi yoyo idan sun daɗe, ruwan ya ci ƙarfen ya bar farin gari. Idan za a yi doguwar tafiya, a cire su.

Sai tsarin haruffa, wanda ya kama mutane da yawa a kayan Beljiyam, wato na hannu. Duba haruffa shida na farkon layin sama. Idan QWERTY ne, shi ne wanda aka saba da shi a Nijeriya da Gana, gadon tafiretar da Remington ya fara sayarwa a Amurka a 1874. Idan AZERTY ne, na Faransa ne da Beljiyam, wanda mutanen Maraɗi da Damagaram da Yamai suka fi sabawa da shi, kuma su shi ya fi musu saboda wasulan Faransanci masu alama. Idan Z ta zauna a mazaunin Y, na Jamus ne. Kowanne za a iya sauya shi a cikin kwamfuta, domin kibod ba harafi yake aikawa ba, lambar gurbin maɓalli yake aikawa, kwamfuta ce ke fassarawa. Amma idonka zai ga A hannunka ya buga Q, kuma wannan azaba ce ga mai koyo, musamman yaron da ake saya wa don ya saba kafin jarrabawar JAMB.

Wannan bayanin shi ne kuma amsar masu tambaya ko akwai kibod mai ƙ da ɗ da ɓ. Ba sai an sayi na musamman ba. Windows yana da tsarin Hausa a cikinsa, akwai kuma manhajar Keyman. Abin lura kawai shi ne, a tsarin Windows da maɓallin Alt na hannun dama ake fitar da haruffa masu lanƙwasa, ƙananan kibod kuma wani lokaci sukan matse shi ko su cire shi gaba ɗaya don rage faɗi. Marubucin Hausa ya duba yana nan kafin ya biya. Haka mai aikin lissafi ya tabbata akwai rukunin lambobi na gefen dama. Wanda ba ruwansa da lissafi kuwa gajeren ya fi masa, ya bar wa linzami wuri.

Da na kawo nawa gida, na tarar da sauran aiki. Teburina na katako ne marar kauri, shi ma amsa kuwwa yake. Na ninke tsohon ɗankwali biyu na shimfiɗa a ƙasa, na kwantar da 'yan ƙafafun bayan kibod ɗin, rabin sauran ƙarar ya tafi. Ɗankwalin ne kuma nake rufe shi da shi idan hunturu ya kama, don ƙura idan ta shige ƙarƙashin almakashin nan maɓalli sai ya fara ƙirit-ƙirit. Abin da ya rage na ƙara kuwa, uwargida ce ta gano tushensa. Ta tsaya a kaina tana kallo, ta ce, "Ai ba kibod ɗin ba ne, hannunka ne. Dukansa kake yi." Gaskiyarta. A kan tafireta na koyi bugu, inda sai ka sa ƙarfi kafin harafi ya fito a kwafi na uku na ƙarƙashin kabon, kuma yatsun nan har yau ba su yarda cewa zamanin ya wuce ba.