Labarin Gure a Bakin Mutanen Gure

Tsakanin Gure da Yamai akwai tafiyar fiye da kilomita 1,000, kuma a Yamai ne galibin jaridun Nijar suke zaune. Ko Damagaram, babban birnin jaha, sai ka ci kimanin kilomita 160 a kan kwalta kafin ka gan ta. Shi ya sa in rairayi ya binne wani kwarin dabino a ƙasar Muniyo, ko darajar akuya ta faɗi a kasuwar Gidigir, ko makiyaya sun yi sa-in-sa a bakin rijiya, ba ɗan jaridar da zai taso daga Yamai saboda haka. Sunan Gure yakan fito ne in minista ya kawo ziyara, ko in mota ta kife da mutane.

Salula ta sauya wannan lissafi. Yanzu yaro mai waya zai ɗauki hoto, ya yi magana da Hausa ko Barbarci, ya tura ta WhatsApp, kafin la'asar ɗan garin da ke ci-rani a Libiya ya ji. Murya ce ta yi aikin. Jaridunmu da Faransanci ake rubuta su, tsohuwar da ke talla a tasha kuwa ba ta karanta shi, amma saƙon murya ba ya tambayar ta takardar makaranta.

Sai dai tura labari daban, aikin jarida daban. Mai son ganin bambancin ya dubi Agadas.

A shekarar 2002 wani malamin makaranta, Ibrahim Manzo Diallo, ya kafa ƙaramar jarida mai suna Aïr Info a can, nesa da Yamai kamar yadda Gure take. Da tawayen ƙungiyar MNJ ya ɓarke a 2007, sai ga ƙaramar jaridar a tsakiyar wuta. Hukumar kula da kafofin labarai ta dakatar da ita wata uku a wannan shekara, shi kansa aka kama shi a watan Oktoba, bai ga waje ba sai Fabrairun 2008. Da ya fito bai bar aikin ba, bai kuma bar garin ba. Jaridar ta hau intanet, tana tafiya tare da rediyon Sahara FM, har ta zama inda ake leƙawa in ana son sanin halin da ƴan ci-rani da masu haƙar zinariya suke ciki a hamada. Da aka sace wata ƴar ƙasar Ostiriya a Agadas a Janairun 2025, manyan kafofin duniya Aïr Info suka riƙa ambata.

A ganina, ba na'ura ce ta kai ta nan ba. Sama da shekara 20 ana ganin suna ɗaya a ƙasan labari, an san ƙofar da za a buga in an yi kuskure. Direban da ya ga abu a hanyar Dirku ya san wanda zai kira, wanda aka kira kuma ya san direban da ke ƙara gishiri. Wannan sanayya ita ce jari. Saƙon da ya fara da "an ce" ba shi da uba. Kowa ya tura, ba wanda zai amsa. Ka ga bidiyon faɗan manoma da makiyaya na wata ƙasa, na shekarun baya, an laƙaba masa sunan ƙauyen da ke kusa da kai, ga kuma gari irin Gure inda Manga da Bahaushe da Bafillace da Tubu suke shan ruwan rijiya ɗaya.

Doka ma tana nan, kuma ba ta ware mai katin jarida da mai waya kawai ba. An soke ɗauri a kan laifukan jarida a 2010, amma dokar laifukan intanet ta 2019 ta buɗe wata ƙofa. Da ita aka tsare ƴar jarida Samira Sabou kwana 48 a 2020 kan rubutun Facebook. An sassauta dokar a 2022, sai hukumomin soja suka maido da ɗaurin a Yunin 2024. A Mayun 2025 an kama ma'aikatan Sahara FM uku a Agadas. Duk wanda zai danna "tura" ya kamata ya san wannan.

Amma abin da ya fi doka nauyi a ƙaramin gari shi ne kunya. Wanda za ka ce ya karkatar da hatsin agaji wataƙila surukinka ne, ko a sahu ɗaya kuke sallah. Ga rashin kuɗi: ɗan kasuwan Gure bai saba sayen talla ba, sai ɗan kuɗin mota da masu shirya taro suke miƙawa, wanda ya karɓa kuwa bakinsa ya yi nauyi. Nan ne ƙananan kafofi da yawa suke mutuwa alhali suna raye, su koma masu shelar buɗe taro da rufe taro.

Akwai abin dafawa. Studio Kalangou, da ya fara aiki a 2016, yana shirya labarai da Hausa da wasu harsunan ƙasa, yana rarraba su ta gidajen rediyon da yake ƙawance da su, ciki har da na karkara. Hanyar da ke kawo labari daga Yamai za ta iya ɗaukar na Gure ta kai can, in an samu mai tattara shi da kyau.

Saboda haka, matasan Gure masu waya a hannu, ku fara da abin da ba ya jawo gardama kuma kowa yana buƙata: kuɗin tiyar gero ranar kasuwa, inda ruwa ya sauka, famfon da ya lalace, ranar allurar dabbobi. Ku faɗi wanda ya gani da ido, ku faɗi ranar, ku sa sunanku a ƙarshe. In kun yi kuskure, ku gyara shi da muryar da kuka yi shi.