Sunayen ƙurajen fata a likitance

Sunayen ƙurajen fata a likitance kalmomi ne da likitoci ke amfani da su wajen siffanta duk wani canji da ya bayyana a fata, tun kafin a gano cutar da ta jawo shi. Akasarinsu daga harshen Latin suka samo asali. Likitan Ingila Robert Willan (1757-1812) yana cikin waɗanda suka daidaita su. A littafinsa na 1808 ya kasa cututtukan fata gida takwas bisa kamanninsu.

Rabe-rabe

Abu uku ake dubawa: faɗin abin, ko ya yi tudu, da abin da ke cikinsa. Idan launin fata ne kawai ya sauya, ba a jin tudu in an shafa, kuma bai kai santimita 1 ba, sunansa makul. Ƙaramin ƙurji mai tauri shi ne fafyul, in ya girma ya shiga ciki sai a ce nodul. Mai ɗauke da ruwa garau, irin na ƙarambau, besikul ne, babbansa kuma bula, wato bororo irin na ƙuna. Mai mugunya a ciki fustul ne. Wasu littattafai suna sa iyakar a milimita 5.

Akwai kuma waɗanda ke biyo baya sakamakon susa ko daɗewar ciwo, kamar ɓawo, gyambo, faso da tabo.

A harshen Hausa

Kalmar ƙurji ta haɗiye fafyul da besikul da fustul gaba ɗaya. Inda Hausa ta fi wadata shi ne sunayen cututtukan su kansu: ƙazuwa, makero, kyasbi, maruru, borin jini. Sai dai suna kan rufe bambancin da ya kamata a lura da shi. Kuturta takan fara ne da wani fegi mai haske a fata, wanda da yawa kan ɗauka kyasbi ne. Kyasbi yana da ɗan gari-gari in an kankara, fegin kuturta kuwa ba ya jin taɓi sosai, shi ya sa ma'aikacin lafiya ke gwada shi da auduga. Ana warkewa daga kuturta cikin wata 6 zuwa 12 na shan magani, amma jijiyar da ta riga ta lalace saboda jinkiri da wuya ta dawo.