Ƙwayoyin cutar da ba sa jin magani: Abin da ke tsallaka iyakar Jibiya ba tare da bincike ba

A Magama, bakin iyakar Jibiya da Jamhuriyar Nijar, jami'ai kan tsayar da mota su duba kaya da takardun matafiya. Sai dai akwai abin da ke wucewa kullum ba mai ganinsa: ƙwayoyin cutar bakteriya da suka daina jin magani, waɗanda mutum kan ɗauko a hanjinsa bayan kwanciya a asibiti.

Mutanen Jibiya da na Ɗan Issa da Madarunfa 'yan uwan juna ne, kasuwa ɗaya suke ci, suna kuma auratayya. Haka ma neman lafiya. Shekara da shekaru iyaye mata daga ɓangaren Katsina ke kai 'ya'yansu masu tamowa cibiyoyin da ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafawa a jihar Maradi, kafin ƙungiyar ta fara irin wannan aiki a jihar Katsina a 2021.

Abin da bincike ya gano

Tsakanin 2007 da 2008, masana sun bibiyi yara 55 da aka kwantar a wata cibiyar kula da tamowa a Maradi. Kashi 31 cikin 100 sun zo da bakteriyar da ke karya lagon magunguna irin su ceftriaxone, allurar da asibitoci suka dogara da ita. Daga cikin yara 16 da suka zo babu ita aka kuma sake gwada su lokacin sallama, 15 sun ɗauka.

Wani binciken da Jami'ar Oxford da MSF suka fitar a 2025 ya duba yara 1,371 'yan ƙasa da shekara biyar da aka kwantar a yankin tsakanin 2016 da 2017. Ɗaya cikin huɗu na ɗauke da bakteriyar da ke bijire wa carbapenem, maganin da likita kan ajiye sai komai ya gagara.

Ɗaukar ƙwayar ba ya nufin yaro ya kamu da ciwo nan take. Takan zauna shiru a hanji. Amma ranar da ta shiga jini ko mafitsara, sai a yi ta allura zazzaɓi ya ƙi sauka. Yaron da aka sallama kuma yakan koma gida da ita, ta yaɗu ta hanyar bayan gida, ruwan sha da hannun da ba a wanke ba.

Me ke jawo hakan?

A asibiti, cunkoso ne kan gaba. Da damina, lokacin da maleriya da yunwa ke haɗuwa, gadaje kan yi kaɗan. Ƙarancin ɗakunan gwaji kuma na sa likita ba da magani bisa hasashe.

A gari kuwa, mutum kan sayi kafso biyu ko uku a kemis ko wajen mai talla saboda mura, alhali mura ba bakteriya ke kawo ta ba. Kowane shan magani ba bisa ƙa'ida ba yana kashe ƙwayoyi masu rauni, ya bar wa masu taurin kai fili su hayayyafa.

Mujallar Lancet ta ƙiyasta cewa matsalar ta kashe mutum miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi yawan mace-mace idan aka kwatanta da yawan jama'a. A Najeriya an ƙiyasta mutum 64,500 a shekarar.

Abin da ya rage a yi

Wannan ba dalilin ƙauracewa asibiti ba ne, domin tamowa mai tsanani ta fi saurin kisa. Abin da ke kare yaro shi ne wanke hannu da sabulu bayan an yi masa tsarki, shan magani yadda likita ya tsara, da sanar da ma'aikatan lafiya idan an taɓa kwantar da shi a wani asibiti, ko da a tsallaken iyaka ne.

Najeriya na da shirin ƙasa na yaƙi da matsalar daga 2024 zuwa 2028. A wuri kamar Jibiya, nasararsa ta dogara ne kan ruwa da sabulu a ɗakunan jinya, ɗakin gwaji mai aiki, da musayar bayanan marasa lafiya tsakanin Katsina da Maradi.